Bahar Maliya a Falon Sabitu

Shekarar da Sabitu ya sauke farali, ya dawo Nguru da dabino da zamzam kamar kowa, sai dai shi ya haɗo da wani ciwo. A wani otal a Jidda ya ga akwatin gilashi cike da ruwan teku, kifaye masu launi kamar atamfa suna shawagi a ciki. Hankalinsa bai kwanta ba sai da babbar mota ta sauke masa irinsa daga Legas, mai tsawon kwalekwale, har sai da aka fasa bangon falo kafin ya shiga.

Matarsa Maijidda ba ta taɓa ganin teku ba, iyakarta kogin Gashua, garin iyayenta. Da farko haushin akwatin take ji, don ya zame musu jariri. Janareto ba ya hutawa saboda shi. Idan bazara ta tsananta sai an sayo ƙanƙara an ɗaure a leda an jefa masa. Gishirinsa ma na musamman ne, a buhu ake aiko shi daga Legas, a jiƙa da ruwan burtsatsen gidan. Abokan Sabitu na kasuwa suna tsokanarsa, wai ya ƙarar da jarinsa a kan kifin da ba zai ƙosar da kyanwa ba.

Amma kifi ɗaya ya sace mata zuciya, shuɗi kamar yanzu aka tsamo shi daga marina, wutsiyarsa ruwan ɗorawa. Idan ta kara yatsa a gilashi sai ya biyo. Ta raɗa masa suna Ɗan Kura, kamar rawanin nan mai rinin baba.

Sai kifayen suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sabitu ya duba injin tace ruwa, ya canza abinci, ya tsoma ɗan gilashin da ke auna kaurin gishiri, ya ga komai daidai. Ya buga wa dillalin Legas waya har ya gaji. Daga ƙarshe Ɗan Kura kaɗai ya rage, shi ma ya daina cin abinci, ya lafe bayan dutse. Ranar da Sabitu zai tafi Legas sarin kaya, ya ce mata idan ya dawo ya tarar wannan ma ya bi 'yan'uwansa, to ya haƙura, tarwaɗa zai zuba a ciki. Da dariya ya faɗa, amma ta ga idonsa, kuma ta ji abin har cikin ƙirjinta.

Ta zauna gaban akwatin tana nazari. Wani abu ya ɗaure mata kai. A wannan zafin ko randa ruwanta raguwa yake, a da ma kullum sai sun ƙara wa akwatin. Yanzu kuwa ruwan ba ya sauka, wani lokacin har ya ɗara. Wane irin ruwa ne ke ƙaruwa da kansa a bazara? Ta tsoma yatsa ta lasa. Bayan gishirin akwai wani ɗan bauri da ta sani sarai, irin na miyar kukar surukarta. Mangul ne, gishirin ƙasar Manga.

Washegari da hantsi ta shige kicin ta bar ƙofa a ɗan buɗe. Can sai ga Hajiya Fanna, mahaifiyar Sabitu, ta fito daga sashenta riƙe da moɗa, wasu mata biyu suna biye da ita da kwalabe. Ta cika musu daga akwatin, ɗaya ta zauna nan take ta shafa wa gwiwarta tana addu'a. Da suka tafi, Hajiya ta jawo bokiti, ta ɗanɗana na cikinsa, ta ɗanɗana na akwatin, ta ƙara ɗan mangul ta gauraya, sannan ta juye a akwatin.

Maijidda ta rasa yadda za ta yi. Ba a gyara wa suruka, balle uwar miji da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Amma ta hango wutsiyar nan ruwan ɗorawa a bayan dutse, sai ta fito ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ta ga an yi baƙi.

Hajiya ko a jikinta. Ta ce labari ya bazu cewa akwai ruwan Bahar Maliya a gidan, har Dapchi an ji.

"Ruwan da Annabi Musa ya ratsa fa, 'yar nan. Mace ta taso tun daga Katuzu a bayan a-kori-kura, gwiwa na ciwo, in ce mata babu? Ni ban taɓa ganin gidan da aka hana ruwa ba. Kuma abin da na ɗiba ina mayarwa, da harshena nake gwadawa. Gishiri ai gishiri ne."

Maijidda ta sunkuyar da kai, ta ce, "Hajiya, in aka kawo miki miyar da aka yi da gishirin kanti, za ki gane?"

"Tun daga ƙofa."

"To, ina jin shi ma yana ganewa."

Hajiya ta juya ta daɗe tana kallon kifin, yana buɗe baki da ƙyar. Ta tambaya ko mutumin nata ya sani, don ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Maijidda ta ce a'a. Ta ƙara da cewa, cikin ladabi, ruwan ma na burtsatsensu ne, ba daga Jidda aka kawo shi ba.

"Kifin daga ina yake?"

"Daga can Bahar Maliya."

"To ai ya yi wanka a ciki."

Maijidda ta danne dariya. Ta yi mata bayani cewa sai an kwashe ruwan kaɗan-kaɗan an zuba sabo da ragowar gishirin buhu, kuma ko da lafiya lau ake, lokaci-lokaci akan rage tsohon a zubar a kwata. Hajiya ta dafe ƙirji, ta ce ashe ana zubarwa a kwata ita tana nan tana auna wa mutane a moɗa. Nan take ta fito da jarkokinta, ta ce daga yau tsohon ruwa nata ne, na cikin akwati kuwa ko ita ba za ta sake taɓawa ba.

Tare suka yi aikin, Maijidda na jiƙa gishiri, Hajiya na riƙe da tiyo, kullum kaɗan, har buhun ya ƙare tas. Ɗan Kura bai fito ba. Maijidda ta fara fidda rai, tana share hawaye da bakin mayafi idan ba kowa.

Ranar Juma'a da safe ta barbaɗa abinci don kawai ta saba. Sai ga shi ya leƙo, ya yi jim, ya haura sama a hankali ya cafki ƙwara ɗaya.

Hajiya, da ke zaune kan tabarma da carbinta, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Ƙara masa," in ji ta. "Ba ki ga ya rame ba?"