Kafson da Inna Take Haɗiyewa

Shekara goma sha ɗaya Dakta ya yi a ɗakin gwaji yana ɗinka wa magani riga. Aikinsa ke nan: a niƙa magani ya fi gari laushi, a lulluɓe kowace ƙwaya da ɓawo siriri, yadda in an shaƙa zai wuce maƙogwaro ya sauka can ƙasan huhu. Ka taɓo masa zancen nan, ka shiga uku, sai shayinka ya huce.

Mahaifiyarsa, Inna, ciwon asma ya sa ta gaba. Da likitanta ya rubuta mata irin wannan maganin, Dakta ya ce a bar masa, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya kawo kwalin kafso da ɗan bututun shaƙa, ya zauna bakin gadonta ya zuba mata lacca, har da zanen huhu a bayan kwali. Inna na gyaɗa kai tana sa albarka.

Wata biyu, ƙirjinta sai ƙara kuka yake. Daga gado zuwa banɗaki sai ta dafa bango sau biyu. Tsoro ya kama Dakta, tsoro na gaske. Amma da yake ilimi ya yi masa yawa, sai ya zargi danshin ɗaki, ya rataya ma'aunin danshi. Ya zargi labule, aka cire. Ya kai kafso biyu wurin aiki ya fasa ya auna, ya same su garau, har ya ɗan ji daɗi, kaico.

Ƙanwarsa, wadda tela ce, ita ta tare shi wata safiya.

"Yaya, ka taɓa tsayawa ka ga tana shan maganin nan?"

"Shaƙa ake yi, ba sha ba."

"To zo ka gani."

Inna ta ɓare kafso, ta jefa baki, ta bi da ruwa. Bututun kuwa yana cikin durowa, ko ledarsa ba a yage ba.

"Inna, me ya hana ki tambaye ni?"

"Kana ta magana kana jin daɗi. Rabonka da zama haka a ɗakin nan tun rasuwar babanku. Shi ne zan katse ka?"

Kunya ta rufe shi. Ya yage ledar, ya juya bututun sama, ya juya ƙasa. Ashe shi ma bai taɓa buɗe irinsa ba. Sai da tela ta karanta takardar ta nuna wa masani inda ake dannawa.

"Ki ja da ƙarfi, Inna, ki riƙe numfashi har in ƙirga goma."

Ta ja. Yana kai huɗu tari ya ƙwace mata. Ya riƙe kafaɗarta har ya lafa, idonsa ya cika taf da ƙwalla.

Ta goge baki da gefen zani, tana haki.

"Ka dawo gobe, mu nemi biyar."