Gurbin da Yaya Ya Mayar

Tun Auta tana firamare ake kiranta Dakta a gidan, kuma Yaya ne ya raɗa mata. Shi ne babba, shi ne ya fara taka jami'a a danginsu. Likitanci ya nema, aka ba shi koyar da kimiyya, ya karɓa yana cizon yatsa, har yau kuma bai daina ba. Yana koyarwa a wata sakandare, yana dawowa gida da ƙurar alli a gefen hannun riga. Tun da mahaifinsu ya rasu, maganar gidan ta koma bakinsa.

Ranar da jami'a ta amsa neman gurbin da Auta ta yi, da la'asar ne. Mama tana zaune a falo da faranti a cinya tana tsintar shinkafa. Kawu, ƙaninta, direban motar haya, ya biyo shan shayi. Auta ta fito daga ɗaki riƙe da kwamfutar Yaya a buɗe, tana tafiya a hankali kamar ta ɗauko ruwa a faifai.

"Yaya, sun ba ni."

"Likitancin?"

"A'a. Makina bai kai ba. Amma sun ba ni digirin aikin jinya. Sun ce in na amince in danna nan."

Ya karɓi kwamfutar ya ɗora a gwiwa. A ƙasan shafin akwai wurin dannawa biyu, kore na amincewa, ja na ƙi.

"To ai duk asibiti ne," in ji Kawu. "Fararen kaya nan, fararen kaya can. Ni dai a samu mai yi mini allura kyauta."

"Kawu, kai da yaron motarka mota ɗaya kuke shiga. Ka taɓa ba shi sitiyari?" in ji Yaya.

Kawu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Yaya ya ji daɗin dariyar, ya gyara zama, ya shiga bayani irin na aji. Maki kaɗan ne ya rage mata. Shekara ɗaya ba komai ba ce a rayuwar mutum. Shi da ya yi saurin karɓar abin da aka miƙo masa, ga shi nan alli ya cinye masa yatsu. Ba zai zuba ido ƙanwarsa ta ƙare a ɗaukar tasar fitsari da gyaran gado ba, tana ƙwaƙwalwa irin wannan.

"Ko ba haka ba, Dakta?"

Auta ta dubi Mama. Mama ba ta ɗago daga faranti ba.

"Yayanki ya fi mu sanin boko," ta ce.

"Duk yadda ka ce, Yaya."

Ya danna ja. Kwamfutar ta tambaya ko ya tabbata, ta ƙara da cewa in an mayar da gurbi ba a dawo da shi. Na'ura ce kaɗai a falon nan ta ga dacewar a sake tambaya. Ya danna e, ya rufe, ya ce a ƙaro masa shayi.

Ba za a ce bai yi ƙoƙari ba a shekarar da ta biyo. Ya tsara mata lokutan karatu ya manna a ƙofar ɗakinta. Ya kwaso tsofaffin tambayoyin jarrabawa, in ya dawo daga makaranta ya zaunar da ita a teburin cin abinci, ya riƙe jan biro. Auta ba ta taɓa musu ba. Tana karantawa, tana amsawa, amma kamar mai wanke kwanon da ba ita ta ci a ciki ba. 'Yar mai gidan burodi, wadda suka gama sakandare tare kuma ta karɓi irin gurbin da Auta ta mayar, takan leƙo in an yi hutu. Takan zo da ɗan agogon nan da ake maƙalawa a ƙirji, ta kama hannun Mama ta ƙirga bugun jini, tana ba da labarin malamansu. Auta takan zauna ta saurara har ƙarshe, ta raka ta ƙofa, ta shige ɗaki. Yaya yana ganin duk wannan, ya ɗauka hassadar yara ce, za ta wuce.

Sakamakon jarrabawar ya fito, makin Auta ya faɗi ƙasa da na bara.

"Ba komai," in ji Yaya, bayan ya gama kallon shafin. "A sauya, a nemi jinyar."

Haka ya faɗa, kamar jinyar takalmi ce da ya cire a bakin ƙofa, za ta zauna jiransa. Aka sauya, aka jira. Jami'a ta ɗauki rukunin farko, ta ɗauki na biyu, ba Auta. Kawu ya ce ya san wani da yake ɗauka a mota, surukinsa yana aiki a can, a kwantar da hankali. Aka kwantar da hankali har ɗalibai suka fara shiga aji.

A kicin Mama ta faɗa masa, tana goge murhu, ba tare da ta juyo ba.

"Ita fa da ma jinyar take so."

"Wa ya ce?"

"Ita ta ce mini. Tun kwanciyar babanku."

Ya tsaya riƙe da kofi. Lokacin da ɓarin jikin mahaifinsu ya shanye, shi yana shekarar ƙarshe a jami'a. Yakan zo asibiti da safe, daidai lokacin zagayen likitoci, ya ga babban likita ya shigo da ayarinsa, ya duba, ya yi magana, kowa ya rubuta, ya fita. Abin da ya gani ke nan, shi ya riƙe. Auta kuwa can take wuni in ba makaranta. Ma'aikatan jinyar ɗakin ne suka koya mata yadda ake juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo, yadda ake tallafe kai a ba shi ruwa kada ya shaƙe, yadda ake canza zanen gado mutum yana kwance a kai. Da aka sallamo shi gida, ita ta ci gaba, har ya cika ba tabo ko ɗaya a bayansa. Yaya ya san wannan. Ya sha faɗa wa mutane ma, a matsayin hujjar cewa yarinyar likita ce tun daga haihuwa.

"Mama, me ya hana ki faɗa mini ranar nan?"

"Ga kawunku a zaune, in ƙaryata ka a gaban mutane? Kuma ka riga ka gama magana."

"Rayuwarta ce fa."

"Ni ma na ce ko haka ne alheri."

Bai iya yi mata faɗa ba. A gidan an ɗauki yin shiru a matsayin ladabi, kuma shi ya fi kowa cin moriyarsa. Mutum huɗu a falo, biyu sun san gaskiya, suka rufe baki don kada mai ilimi ya ji kunya.

Washegari ya nemi izini a makaranta ya tafi jami'ar. Ofishin ɗaukar ɗalibai yana ƙarshen wani dogon baranda, da benci a jikin bango cike da iyaye, kowa da ambulan a hannu. Ya zauna har rana ta take. Da aka kira shi, ya tarar da wata mata mai gilashi a bayan tebur, fanka tana kaɗa takardun gabanta, ta danne su da kofi.

Ya yi bayani da Turancinsa mafi kyau. Ta saurara, ta buga lambar Auta, ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Bara mun ba ta. Ta ce ba ta so."

"Ba ita ta danna ba. Ni ne."

Ta sauke gilashin zuwa kan hanci ta dube shi.

"Kai ne baban?"

"Yayanta ne. Malamin makaranta ne ni."

"Ai kun fi yawa a bencin can, malam. Ku da likitoci." Ta mayar da kwamfutar. "Gurbin da kuka mayar bai kwana ba aka ba wata. Sashen jinya ba a cusa ɗalibai yadda aka ga dama, iya waɗanda asibitin koyarwa zai ɗauka ake ɗauka. Bana masu nema sun ninka, makin ya hau. Ko makinta na bara ta kawo yau, ba zai shigar da ita ba."

"Ba wata hanya? Ko in rubuta cewa kuskure ne?"

"Kuskure ne?"

Ya kawar da kai.

"Ta sake zama jarrabawa," ta ce, muryarta ta ɗan sauka. "Ana rufe rajista ƙarshen makon nan. Amma ka turo ta da kanta, ina son in ji daga bakinta."

Bai wuce gida ba. Tun da aka daina jiran jami'a, Auta ta fara zaman shago wurin wata maƙwabciyarsu mai sayar da labule da zannuwan gado. Can ya same ta, ita kaɗai, tana naɗe wani yadi a kan dogon tebur. Ta gaishe shi, ta jawo masa kujera, ta ci gaba da naɗi.

"Daga jami'a nake," ya ce.

"Sannu da hanya."

"Sun ce ki sake zama jarrabawa. Ana rufe rajista ƙarshen mako. Gobe in na taso sai mu je. Wannan karon jinyar za ki sa tun farko, ba zan sa baki ba."

Ta daidaita bakin yadin da tafin hannu, ta ɗora shi a kan sauran yaduka.

"Yaya, ba zan sake ba."

"Shekara ɗaya ce fa kawai." Sai da maganar ta fita ya ji irin ta bara ce, ya haɗiye sauran.

"Ba fushi nake yi ba, wallahi. Na gwada ɗauko littattafan makon jiya. In na buɗe ba na ganin komai, jan bironka kawai nake gani. Kuma in na sake faɗuwa, ban san inda zan sa kaina ba."

"Mama ta gaya mini. Maganar jinyar Baba."

Ta ɗan yi murmushi, ta ɗauki almakashi.

"To me kike so, Auta? Faɗa mini."

Ta tsaya tana kallon almakashin da ke hannunta, kamar da gaske tana neman amsar.

"Da bara ka tambaye ni, ina da abin faɗa. Yanzu ban sani ba."

Wata mata ta shigo da yaro a hannu tana tambayar labule mai kauri wanda rana ba ta ratsawa. Auta ta ce akwai, ta hau ɗan tsani ta sauko da kala uku. Shagon ƙarami ne, kujera ɗaya ce a ciki.

"Yaya, ɗan ba ta wuri ta zauna."

Ya tashi ya fita bakin ƙofa. Ya tsaya can yana jiran matar ta gama, yana shirya abin da zai ƙara faɗa, amma kafin ta fita wata ta shigo. Da ya ga rana ta yi sanyi ya kama hanyar gida. Ƙarshen mako ya zo, aka rufe rajista ba Auta a ciki.