Tabon Chindo

Kun taɓa ganin mai kishin tabo? Ba riga ba, ba keke ba — tabo, a hannun wani. To ga Ishaku nan zaune a zauren ubansa a Gidan Sori, hutu ya kusa ƙarewa, ya naɗe hannun riga yana kallon damtsensa kamar ba nasa ba.

Ɗan mitsitsin zagaye. Lambar likita. Irin wadda ke jikin kowane yaro a ajinsu na kwaleji a Maraɗi... wa zai tsaya kallon wannan?

Na Chindo fa? Na Chindo a bayan hannu yake, faffaɗa, baƙi wuluk. Mushe, malaminsu Bature, har da cire tabarau —

Darasin tarihin magani ne. Agana. Yadda Turawa suka samo rigakafinta a jikin saniya. Sai Mushe ya rufe littafi: an ce kakanninku ma suna da tasu dabarar tun kafin mu zo, wa ya sani? Wa ya sani! Ɗan wa ke zaune a benci na biyu? Ishaku, ɗan Wanzam Maharazu, wanda tun yana ƙarami yake jin yadda ake lakato ruwan ƙurji daga mai aganar da ta zo da sauƙi, a tsaga fatar mai lafiya a shafa... ya yi zazzaɓi, ya tashi, ta bar shi har abada. Ya sani. Baki ne ya ƙi buɗuwa. A kira shi ɗan mai ƙaho, gaban 'ya'yan ma'aikatan buro, masu zaman ofis?

Chindo ya ɗaga hannu. Hannun nan dai.

"Wanzamin garinmu ya yi mani, Mushe." Garinmu! Baba ne. Askar Baba, yatsun Baba... bayanin ma Ishaku ne ya ba shi, a bayan mota, suna ɓarar gujiya. Bai rage komai ba, Faransanci kawai ya sa masa. Ya dai waiwayo — i, ya waiwayo, ya ɗaga masa gira, wai taso mana. Bai taso ba. To don bai taso ba sai a kwashe?

Inna na daka a cikin gida. Dum... dum...

Suna ɗaya Mushe zai aika Yamai kafin ya koma ƙasarsu. Ɗaya. An sauke tutarsu an ɗaga tamu, ƙasa na neman likitocinta, wanda aka zaɓa sai karatun likita a Dakar. Lissafi, Ishaku ne gaba. Kimiyya, Ishaku. Amma tun ranar nan wa ake kira? Chindo, riƙe mani wannan. Chindo, zo ka nuna wa baƙo hannunka. Likita Chindo... farar riga... ya shigo garin nan da mota, Baba ya tsuguna yana yi masa aski — a'a. A'a!

Don me ma? 'Ya'yan unguwa kaf Baba ya tsaga a shekarar aganar, nasa ɗan kuwa ya ɗora shi a jaki har Tsibiri, ya miƙa wa ma'aikacin Nasara ya yi masa lamba. Askarsa ce bai yarda da ita ba? Ko ɗan ne bai kai ba?

Jiya ya tambayi Inna. Taɓarya ta tsaya. "Kai ɗan nan, mi kake tono? Yayanka fa? Da shi ya fara." Ta ci gaba da dakanta.

Nomau, yayansa da ya rasu. Ya zaci ciwon ciki ne ya ɗauke shi... da shi ya fara... ashe ba kowa ke tashi ba. Chindo ya tashi. Chindo kullum tashi yake. Wannan bai faɗa wa Mushe ba, bai ma sani ba. Ishaku kaɗai ya sani yanzu, rabin darasin da babu a bakin Chindo. Ya kai? Ya ce Mushe, ga abin da askar ubana ta yi wa yayana? Sunan da za a aika Yamai ya dawo kansa, ta kan kabarin Nomau...

Ko kuwa —

Zabirar Baba na rataye a bango. Ya miƙa hannu. Aska ba nauyi. Tsaga ɗaya a bayan hannu, a shafa toka, kafin a koma lakol, a shiga aji, ta yi baƙi. Ni ma ina da shi, Mushe, kunya ce ta hana ni... Wa zai gane sabo da tsoho? Baba zai gane. Baba da ya bi jaki cikin rana don kada ƙarfen nan ya taɓa shi —

Ya gaji. Bai tsaga ba, bai ajiye ba.

Jama'a, don Allah wanda ke kusa da zauren nan ya shiga ya karɓe askar daga hannunsa.