Ƙarar da Ta Fito Daga Ɗakin Baya

Yarinyar da ke zaune a kantar kamfanin kwamfuta ta sake maimaita wa Malam maganar, a hankali kuma da ƙarfi, sai ka ce kunnensa ne ya mutu ba idonsa ba. Kamfaninsu ya daina wannan manhajar tun tuni. Ba sa sayar da faifanta, ba sa gyara ta, ko tambaya ba sa amsawa a kanta.

Malam ya gyara zama, ya ɗora sandarsa a cinya. Kwamfutar tana gefensa cikin kwali, inda 'yarsa ta dire ta tana haki tana mita.

Da wannan tsohuwar kwamfuta yake yi wa gidan rediyo fassarar labarai tun da ciwon suga ya tafi da ganinsa. Akwai wata 'yar na'ura da ke jone da ita, mai karanta masa duk abin da ke kan allo. Jikokinsa suna kiranta Gwaggo, don da hanci take magana kuma ba a katse ta. Gwaggo kuwa ba ta jituwa da kowace manhaja sai tsohuwar. Makon jiya kwamfutar ta ƙi tashi. Mai gyara ya yi iya nasa, ya ce saura faifan asali da lambarsa, kuma wannan sai kamfani. Shi ko edita har ya fara zancen a bar Malam ya huta.

'Yarsa ta sunkuyo ta ce su tafi haka nan, ita za ta riƙa karanta masa in ta taso daga aiki. Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, amma duk maganganun ranar babu wadda ta yi masa ciwo kamar wannan. Ya ce a kira masa manaja.

Turaren manajan ya riga shi isowa. Da 'yar ya yi ta magana, kamar Malam shi ma cikin kwalin yake. Ya yabi sabbin kwamfutocinsu, ya yi alkawarin ragi. Da Malam ya tambaya ko sabuwar za ta yi aiki da Gwaggo, ya ce a'a, masu ƙera ta ma sun rufe.

"Baba, duniya ta ci gaba," in ji shi. "Babu mai amfani da wannan manhajar yanzu. Ko ɗaya."

Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta. Na'urar sanyaya ɗaki ta yi shiru, can janareta ya kama, kwamfutocin ofis suka shiga farkawa. Sai ga wata 'yar ƙara daga ɗakin baya, ƙarar da Malam yake ji kowace safiya kafin Gwaggo ta gaishe shi. Ya san ta kamar yadda ya san tarin matarsa.

Ya juya fuskarsa wajen ƙofar. "Wannan fa, ta wace ce?"

Manaja ya ce shi bai ji komai ba. Amma dariya ta riga ta kuɓuce wa yarinyar nan, bakinta kuma ya bi bayan dariyar: kwamfutar sito ce, duk lissafin kayan kamfanin a kanta yake, ba mai taɓa ta sai wani injiniya da ke zuwa duba ta da faifansa. Manaja ya katse ta, ya ce wannan harkar cikin gida ce.

Malam ya cire takalmansa, ya jera su a ƙarƙashin kujera.

"Ashe laifi tudu ne," ya ce. "Ku da kuka yi ta kun kasa rabuwa da ita, sai ni makaho? Shiga ka kashe taku, in ji da kunnena, in ɗauki tawa in tafi. In ba haka ba, ina nan har injiniyan ya zo."

Manaja ya dubi 'yar, yana neman ta rarrashi ubanta. Ita kuwa ta sunkuya ta buɗe kwalin, ta rungumo kwamfutar ta aza a kan kantar, ta ajiye Gwaggo a gefenta. Sannan ta jawo kujera kusa da Malam, ta tambayi yarinyar wace rana injiniyan yake zuwa.