Kachala a Tafkin Baba

Kwana uku Injiniya tana juya takardar kasafi ɗaya a kan teburinta. Kuɗin da aka ware don yanke kachala, doguwar ciyawar da ta cinye musu ruwa, ba zai isa wuri biyu ba. Ko dai a share mashigar ruwan gonaki, ko tafkin da mahaifinta ya shekara arba'in yana su a cikinsa. Kuma ba wanda ya san yadda damina za ta zo. In ruwa ya yi yawa, ciyawar tana iya dawowa kafin kaka.

Da yamma ta tarar da tsohon a tsakar gida yana ɗinkin komarsa, wadda rabonta da ruwa shekara shida.

"Uwata, bana za a buɗe mana?" in ji shi.

"Baba, gonaki ɗari uku ne a can."

Ya yi dariya. "Ai ni ma hatsi nake ci."

Washegari ta sa hannu a kan mashigar. A layin tafkin ta rubuta "baɗi". Ta daɗe zaune tana tuna lokacin da take hango ɗaya gaɓar daga cikin kwalekwalen mahaifinta, ruwa fetal.