Farar Sosej Ba Ta Jiran Sha Biyu

Jirgin ƙasa mai zuwa bikin giya na Munich ya cika maƙil, amma hakan bai hana tsohuwa Walburga, 'yar asalin yankin, buɗe fulas ɗinta ba. Daga ruwan zafi ta tsamo farar sosej, niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa cikin hanji, wadda tun kakanni ake cewa kada a bari ta ji ƙararrawar sha biyun rana.

"Mama, ki bari mu sauka mana," in ji 'yarta Vroni, tana satar kallon iyayen saurayinta, mutanen Hamburg ta can arewacin ƙasar, da ke zaune gabansu.

"Kafin mu sauka rana ta raba. Sai dai a ba kare."

Vroni ta miƙo wuƙa, ta rage murya. "To ki yanka, don Allah. Kada ki tsotsa a gaban baƙi."

Wato yau cin garinsu ne abin kunya? Walburga ta dangwala sosej ɗin a mastad, wani mahaɗi mai zaƙi, ta kafa baki, ta zuƙe naman daga fatarsa har ana jin ƙara. Ta share leɓe, ta dubi 'yarta.

"Ke ma haka kika sha nono, 'yar nan. Ban ga kin nemi wuƙa ba."