Amsar Saude a Gindin Gawo

Shekara biyu Saude ta yi a jami'a a Damagaram, ko sau ɗaya ba ta ɗaga hannu a aji ba. Da innarta ta kwanta ciwo, sai ta dawo Mallawa jinya, karatun ya koma cikin waya, darasi na minti biyar-biyar a gindin gawon da sabis ɗin waya ke kamawa.

Yau malamin cikin bidiyon ya yi tambaya. Saude ta ɗaga hannu ta amsa da ƙarfi, har awaki suka waiwayo. Malamin ya faɗi daidai abin da ta faɗa, ya wuce abinsa.

Ta daɗe hannunta na sama. Ina ma a ajin nan ne mai mutum ɗari uku, ko ɗaya ya juyo ya ce, "Wace ce wannan?"